"Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi": to wane ne mai itan?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Jiya an yi zaman sulhu a gidanmu tsakanin ƙanena da matarsa. Yayan matar ya gyara zama zai zayyana laifin miji, sai Kawu ya ɗaga masa hannu ya ce, "Dakata, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi." Yarinya ta buɗe baki, kuka ya ci ƙarfinta, ba wanda ya tsinci komai. Yayan ya ce, "To ga daɗin nan kun ji." Shi ke nan rigima ta koma kan karin maganar, aka bar masu auren zaune. Kawu ya sa ta a muhallinta kuwa?

Malam Tanko: Wa alaikumus salam. Ya sa ta daidai. Kukan nan ai shi ne waƙar. Da yayan ya kwana yana bayani ba zai isar da abin da hawayenta ya isar ba.

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, akwai wanda ya yi gardamar nan tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Sukrat na Girka, a jawabin kare kansa gaban kotun Atens shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kamar yadda almajirinsa Aflatun ya rubuta, ya ce ya bi mawaƙan garin ɗaya bayan ɗaya da waƙoƙinsu da suka fi ji da su, yana tambayarsu me suke nufi. Ya ce kusan duk wanda ke tsaye a wurin ya fi mai waƙar iya bayaninta. Sai ya yanke cewa ba da ilimi suke yi ba, wani abu ne ke hawa kansu. A wajensa mai ita ne ma ya fi kowa jahiltarta.

Baƙin Ganga: Wato bori.

Bazazzagi: Kusan haka. A wani ɗan littafin Aflatun, Sukrat ya tare wani mai suna Iyon, mutumin Afisa, wanda sana'arsa rera waƙoƙin Homa, babban mawaƙin Girkawa na dā, a bainar jama'a, ya dawo daga gasa ya ci na ɗaya. Sukrat ya kwatanta masa da mayen ƙarfe: ya kama zobe, zoben ya kama wani, har a yi sarƙa. Abin bautarsu na waƙa ya kama Homa, Homa ya kama Iyon, Iyon ya kama masu sauraro. To a sarƙar nan wa za ka nuna ka ce shi ne mai ita?

Malam Tanko: Wannan kuma shirkarsu ce, mu dai mun san baiwa daga Allah take. Amma ka lura, Bazazzagi, karin maganar ba ta ce mai ita ya fi iya fassara ta ba. Daɗi ta ce.

Uwar Biyu: Ku tsaya in ba ku labarin Inna, kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta. A ƙauyenmu can ƙasar Daura, ita da kishiyarta Hajjo sun haura shekara arba'in a gida ɗaya, kuma ba su taɓa zagin juna baki da baki ba. A waƙa suke yi. Da asuba Inna za ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ta zuba gero, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, tana turawa tana rerawa. Hajjo na can bayan rumbu kan turmi, tana jefa taɓarya tana tafi tana ramawa. Mu jikoki muna kwance a kan tabarma muna cin dariya a cikin zane.

Akwai wadda Inna ta yi ranar da Hajjo ta ɓata tuwo, amshinta "Mai tuwon da kare ya ƙi, ina kwana, ina gajiya." Ba suna a ciki, amma har kajin gidan sun san da wa ake. Waƙa ta tsallake danga, 'yan mata suka kai ta dandali, daga nan wata zabiya mai kiɗan ƙwarya ta ɗauka ta ƙara mata gishiri, ta zama ba a biki sai da ita.

Hajjo ta rasu da damina. Bayan 'yan shekaru aka yi bikin wata 'yar'uwarmu, zabiyar nan ta zo da 'yan amshinta, ta ɗauko waƙar. Mata suka ɓarke da shewa, ana liƙi, ana nuna Inna ana cewa ga mai ita nan. Wallahi ina gefenta. Na ga ta kwance bakin zanenta, ta ciro kuɗin da ta ƙulle, ta tako har tsakiyar fili ta damƙa wa zabiyar a hannu, ta ce, "Don girman Allah sauya wata." Ta koma ɗaki ta yi kukan da ko ranar mutuwar ba ta yi irinsa ba. Da dare na ce Inna ba waƙarki ba ce? Ta ce, "Tawa ana amsa mini ita daga bayan rumbu. Wannan ban san ta ba." Ba ta ƙara waƙa a kan niƙa ba, ko da yake lokacin ma injin niƙa ya shigo garin.

'Yar Maraɗi: Allahu akbar. Yaya, kin sa ni hawaye a cikin kasuwa. Allah Ya jiƙan su duka biyun.

Baƙin Ganga: Amin. Amma Hajiya, tsakani da Allah, karen ya ƙi tuwon ko sharrin kishi ne?

Uwar Biyu: Ɗan nema! Ba mu da kare ma a gidan.

Bazazzagi: Hajiya, da Aristotal, almajirin Aflatun, ya ji labarin nan da ya rasa inda zai ajiye shi. Shi ya raba wasan kwaikwayo gida biyu: na ban tausayi, mai nuna mutanen da suka fi mu, yana tayar da tausayi da tsoro har zuciya ta wanke, da na ban dariya, mai nuna waɗanda ba su kai mu ba, wanda ya ce aibinsa ba ya ciwo kuma ba ya halakarwa. Ga waƙa ɗaya a fili ɗaya, ana shewa ana kuka. Sai dai Malam Tanko ya samu mai goya masa baya, don Aristotal ya ce wanda abin ke cinsa da gaske shi ya fi sa mai sauraro ya yarda, mai fushi shi ke iya nuna fushi.

Malam Tanko: Ka ga ni. Almajirin ya fi malaminsa hankali.

Ɗan Fagge: To amma Inna ita ce mai ita, kuma ita kaɗai ce ba ta ji daɗin ba.

Sarkin Shayi: Ku bar wahalar da kanku. A zamanin nan mai waƙa shi ne wanda ya biya. Akwai wani honorabul a yankinmu, waƙar da aka yi masa a zaɓen baya ita aka yi wa abokin hamayyarsa a na bana, suna kawai aka cire, har "mai gina rijiyoyi" ba a taɓa ba. Mu kuma har yau a wajen 'yan garuwa muke saye.

Baƙin Ganga: Namu ko jawabin da aka rubuta masa ba ya daɗi a bakinsa. Ya karanta har da inda aka ce ya dakata a yi tafi.

Bazazzagi: Sarki, Iyon ɗin nan ma bai ɓoye ba. Ya ce yana leƙen fuskokin jama'a daga kan dandamali, don in ya sa su kuka shi zai yi dariya wajen karɓar kuɗi, in kuwa suka yi dariya shi zai yi kuka. Shi ya sa Aflatun ya ce a garin da yake mafarki, in irin wannan gwani ya zo a girmama shi, a shafa masa turare, a ɗaura masa ado a ka, sannan a raka shi wani gari.

'Yar Maraɗi: Korar kare da ladabi ke nan. Shi Aflatun ɗin ba ya zuwa biki ne?

Bazazzagi: Yana da ciwon da ke cinsa. A shekara ta 423 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani marubucin wasa, Aristofanis, ya yi wasan barkwanci ya nuna Sukrat rataye a sama yana nazarin rana, yana koya wa mutane yadda za su murɗe gaskiya su ƙi biyan bashi. Shekara 24 bayan nan Sukrat ya ambaci wasan a kotu cikin abubuwan da suka ɓata masa suna, aka kuma yanke masa hukuncin shan guba. Zambo ba ya mutuwa a inda aka yi shi.

Malam Tanko: Shi ya sa nake hana yara habaici. Amma korar mawaƙa gaba ɗaya, wannan kuma an wuce gona da iri.

Bazazzagi: Mutanen Atens ma sun taɓa cin wani tara, Firinikos, dirakma 1000, don ya yi wasa kan faɗuwar birnin Militos a hannun Farisa, 'yan kallo suka fashe da kuka. Aka ce ya tuna musu da masifarsu, aka hana sake nuna wasan.

Sarkin Shayi: Don Allah ka goge wannan kafin 'yan majalisarmu su gani. Gobe za ka ji an kawo dokar tarar duk wanda ya tuna wa talaka halin da yake ciki.

Baƙin Ganga: Dirakma 1000 nawa ne a naira? Ina so in san ko zan iya biya.

Sarkin Shayi: Kai da ban ga kuɗin shayina na watan jiya ba?