Musayar waƙa: Gidan Max na birnin New York

Ɗan Fagge:
Bismillah. Max's Kansas City, gidan abinci da kiɗa, amsa-amo "shi".

Mickey Ruskin ya buɗe ƙofa a 1965,
Mai zane ya ci ya sha, a rubuta bashi.
In aljihu ya bushe sai ya ɗauko zane,
A rataye a bango, magana ta wuce, a bar shi.
Warhol, shahararren mai zane, na ɗakin baya, jar fitila na ci,
Mai neman suna dole ya je ya gaishe shi.

Yaya Ladi:
Ƙanena, kirarin nan ya wuce gona da iri,
Mai gida ya karye a 1974, ina ribar shi?
Ka ciyar da gari kai ka kwana da yunwa,
Zane ba ya biyan haya, ko wa ya zana shi.
CBGB, mahaɗar makaɗa ta titin Bowery, ita ce uwar kiɗan punk,
Can mawaƙan Ramones suka yi ƙarfi, sai ka ji haushi.

Ta Gusau:
Sai Yaya! Wallahi an gama da yaro, a kawo masa ruwa.

Ɗan Fagge:
Yaya, uwar taki 1973 aka haife ta,
Max ya yi shekara takwas, har ya tara gashi.
Debbie Harry faranti take ɗauka a can,
Kafin ƙungiyar kiɗanta Blondie ta fito duniya ta ji ƙamshi.
Bob Marley ya share wa mawaƙi Springsteen fage a dandalin,
Mawaƙi Lou Reed can ya bar ƙungiyar Velvet, tambayi masu sanin shi.

Malam Na-Zariya:
Ku dakata. Ɗan Fagge, furta 1965 da baki ka ji: dubu ɗaya da ɗari tara da sittin da biyar. Ita kaɗai ta cinye ɗango, ina karin ya tsaya? Kuma "bar shi", "gaishe shi", "sanin shi" ai kalma ɗaya ce kake ta juyawa.

Ɗan Fagge:
Allah gafarta Malam, Yaya ma ta yi "ribar shi" da "zana shi". Ita ba a gani ba?

Ta Gusau:
Nata ya zauna daram, naka ɗingishi yake.

Malam Na-Zariya:
Ban ware kowa ba. Ɗangon CBGB ma ya karye gida biyu.

Yaya Ladi:
Malam ya zo da ma'auni gidan masu ihu,
Kiɗan da ba ya bin doka, wa zai auna shi?
Ramones waƙa minti biyu sun sauka,
Kai kana ƙirga gaɓa har gari ya waye, kana nishi.

Ɗan Agadas:
Afuwan, sai yanzu na samu intanet.

Max an rufe 1981, CBGB 2006,
CBGB ta koma kantin tufafi, je ka ga farashi.

Malam Na-Zariya:
Shekara biyu a ɗango ɗaya? Inna lillahi. Ɗan Agadas, sake shi.