Neman shawara: ina gab da ajiye karatun jami'a

Mai neman shawara: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Magariya, kuma ni ne na farko da ya samu bak, wato shaidar kammala sakandare, a gidanmu. Da na zo Damagaram karatu, mahaifiyata ta damƙa ni a hannun yayanta da ke zaune a Garin Malam, wanda yake da shagon kayan masarufi a Kasuwar Dole. Wannan kawu nawa shi ya biya kuɗin maganin mahaifina lokacin da ya yi doguwar jinya, shi ya aiko mana da hatsi a shekarar da damina ta yi gardama, kuma ko sisi bai taɓa karɓa a hannuna ba na ci ko na kwana. Da asuba nakan tura kura in ɗebo wa gida ruwa, domin famfo ba kullum yake zuwa ba, daga nan in tafi aji, da azahar kuma in karɓi shago har bayan isha'i. Ranar Alhamis da kasuwa ke ci, ba na leƙa makaranta sam. Sakamako ya fito, na faɗi darussa da dama, na shiga zagaye na biyu na jarrabawa, nan ma ban haye ba. Wani abokina da ke Agadas yana ta kirana in je mu yi aiki. Ban faɗa wa kowa a gida ba. Don Allah me kuke ganin ya dace in yi?

Wata malamar sakandare: Wa alaikumus salam ɗana. Ka ba mu labarin kawunka tiryan-tiryan, amma ba ka faɗi sashen da kake ba, ba ka faɗi ko kana da tallafin karatu ba, kuma ba mu san ko shekarar farko ce kake maimaitawa ba. Sai mun san waɗannan shawara za ta yi amfani.

Tsohon ɗalibi: Malama, ba sai an jira amsarsa ba, domin ciwon a fili yake. Ƙanena, ka saurare ni da kyau. A tsarin karatun jami'a na LMD, lisans, wato digiri na farko, shekara 3 ce, zango 6, kowane zango yana da kiredi 30 da ake tarawa ta hanyar cin darussa, jimilla 180. Abin da ka riga ka ci ba ya zubewa, saboda haka ka fara zuwa ofishin rajistar ɗalibai ka karɓi takardar makinka, ka ga ainihin abin da ake bin ka, maimakon ka zauna kana ƙiyasi da fargaba. Daga nan ka nemi ganin shugaban sashenku, ka gaya masa halin da kake ciki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Malamai da yawa suna taimakon ɗalibin da suka san fuskarsa, amma wanda ke zama a bayan aji ya sulale kafin a tashi, babu wanda zai san yana nutsewa. Hukumar CROU an kafa ta ne domin masauki da abinci da sufuri da lafiyar ɗalibai, ANAB kuma ita ke kula da tallafin karatu da taimakon da ake ba waɗanda ba su samu tallafin ba. Ka tambayi sharuɗɗansu da lokacin ajiye takardu. Amma gaskiya ɗaya ce: muddin kana wancan gida, babu abin da zai canja. Ka tattara kayanka ka fita.

Wani uba daga Matamaye: Ka yi sauri da yawa, Malam. Yaron da uwarsa ta damƙa amana ba ya ɗaukar jaka ya fice kamar wanda aka yi wa kora. Ni na riƙe ɗan ƙanwata har ya gama, ban taɓa sa shi ko ɗaukar buhu ba, yau yana aiki a Yamai, ko gaisuwar salla ba ya kirana. Ana yawan zargin masu riƙo, ba a duba abin da suke haɗiyewa. Ɗana, ka koma gida ka sanar da mahaifiyarka, ita ce za ta iya yi wa yayanta magana ba tare da an ɓata zumunci ba.

Mai neman shawara: Na gode Baba. Yaya, ina so ku fahimta, kawuna bai taɓa tilasta mini zaman shago ba, ni ne na ga bai kamata in ci in kwanta ba tare da na motsa hannu ba. Kuma mahaifiyata tana da hawan jini, ba zan iya kai mata wannan labari ba. Maganar shugaban sashe kuwa, Faransancina na rubutu ne, idan na tsaya gaban manya harshena sarƙewa yake yi.

Tsohon ɗalibi: To ai wannan ma dalili ne. Yawancinmu da muka fito daga makarantun karkara haka muka zo, muna jin darasi rabi da rabi, muna kwafar abin da ba mu gane ba. Abin da ya cece ni shi ne wani yaya ɗan garinmu da ke shekara ta uku, wanda ya ba ni tsofaffin takardun jarrabawa, ya zaunar da ni a ƙarƙashin fitilar titi yana sa ni in maimaita darasi da bakina, da Hausa tukuna, sannan da Faransanci. Ka nemi ƙungiyar ɗalibai 'yan yankinku, ka nemi wakilin ajinku ya haɗa ka da masu bita tare, ka kuma je wurin wakilan USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, domin sun san hanyoyin neman ɗaki da na ɗaukaka ƙara kan maki. Kafin a buɗe jami'o'in Damagaram da Maradi da Tawa a 2010, sai ɗan talaka ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai kafin ya ga jami'a. Kai an kawo maka ita ƙofar gida, za ka bar ta saboda awon sukari da shinkafa? Bita da dare ake yin ta, kai kuma da dare kana shago. Ina nan a kan bakana, ka fita.

Wata ɗaliba: Yaya, neman ɗaki ba shi ne samun ɗaki ba, masu nema sun fi gadajen yawa. Sannan ba kowane mai cewa zai ja ka a karatu ne na Allah ba. Ni wanda ya ce zai riƙa duba mini darasi, daga baya wata magana daban ya zo da ita, har na daina zuwa bitar gaba ɗaya, kuma ban samu wanda zan kai wa kuka ba. Mu mata abin da ke korar mu daga karatu ya fi wannan yawa, ga maganar aure da ake tayar mana kowane hutu.

Wani direba: Ni kuwa ban ga laifin tafiya Agadas ba. Ƙanena yana da lisans ɗinsa a cikin akwati, kabu-kabu yake yi. Idan ka samu jari, karatu ba ya guduwa.

Wata malamar sakandare: Karatu yana guduwa, ɗan'uwa, domin wanda ya fita da niyyar shekara ɗaya da wuya ya dawo. Ɗana, akwai hanya tsakanin ficewa da yin shiru. Ka kai wa kawunka jadawalin darussanka, ka nuna masa da yatsa sa'o'in da ake ɗaukar suna, ka roƙe shi ya bar maka safiyar Alhamis da dare uku a mako, ka riƙe masa shago Asabar da Lahadi da lokacin hutu. Mai yiwuwa bai ma san kana faɗuwa ba. Har yanzu ina jiran amsar tambayoyina.

Mai neman shawara: Mama, Allah ya saka da alheri. Sai dai yaron shagonsa ya tafi gida aikin gona, kuma ba zai dawo ba sai an gama girbi, saboda haka yanzu ba lokacin da zan tayar da maganar ba ne. Abokina ma ya ce ba dole in daɗe a can ba.

Tsohon ɗalibi: Kafin a gama girbi ana iya rufe rajista. Ka je ka karɓi takardar makin ko ba ka je ba?

Wani uba daga Matamaye: Ku bar yaro ya yi istihara. Malam, kai da kake ta cewa ya fita, idan bai samu ɗaki ba, a gidanka zai kwana?