Dodanni sun ƙi kawo hari, yaya zan ƙara ƙarfin kariya?

Salamu alaikum 'yan uwa masu buga wasannin rubutu irin na MUD, waɗanda mutane da yawa ke bugawa tare a intanet. Daga Gombe nake, na maƙale, ina neman taimakonku.

A wasan da nake bugawa, gwanintar kaucewa da ta tare sara da garkuwa ba sa ƙaruwa sai dodo ya kawo maka duka. To dodannin yankin da matakina ya kai ragwaye ne. In shiga ɗaki in tsaya, su ma su tsaya. Idan na fara kai sara, kafin su rama sun mutu, wasu ma guduwa suke yi. Na ajiye takobi na koma dambe don faɗan ya daɗe, duk da haka lambar kariyar ba ta motsa ba, data kuwa sai ƙonewa take yi. Abin yana ci min rai wallahi. Masu zafin suna cikin kogo, su kuma nan take suke kashe ni.

Akwai yadda ake tsokanar dodo ya ci gaba da duka ba tare da an kashe shi ba? Ko in nemi wani ɗan wasa ya riƙa warkar da ni a kogon? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.