Sarkin Hayaƙi Ya Sauke Ɗamara

Babban Ɗa, Hustan, Tekzas

Assalamu alaikum. An yi sadakar arba'in ɗin Baba. Mun gode wa duk wanda ya zo da wanda ya bugo waya. Kun san shi da wasan harbin kaboyi, inda ake yin shigar kaboyi a harbi farantan ƙarfe da bindigogi irin na dā, a ƙarƙashin ƙungiyar SASS. Baba mutum ne mai son baiti, shi ya sa na ga gara mu tuna shi da abin da yake so. Ga nawa, duk mai iko ya ɗora.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ke rayawa, Shi ke kashewa,
Baba ya amsa kiran rabuwa,
Filin harbi ya rasa Sarkin Hayaƙi.

A wasan nan kowa da laƙabinsa,
SASS ta rubuta, ta ba shi lambarsa,
Ba mai ɗaukar na wani ya sa a kansa,
Shi nasa ya samo shi ne daga aiki.

Don albarushin da yake ɗurawa,
Baƙin nan na dā mai wuta da tsawa,
In ya harba, faranti sai ɓacewa,
Masu ƙirga su dinga tari da tsaki.

Asabar ɗin gasa, yana idar da asuba,
Zai ɗau malafar da bai taɓa wanke ta ba,
Falmaran da ɗamara, bai bar ƙaimi ba,
Ga shi ko akuya ba shi da ita, bare doki.

Libarba biyu a ƙugu, hagu da dama,
Biyar-biyar ake ɗura musu dalma,
Winchester mai liba ta ɗauki goma,
Sai mai baki biyu, a buɗe, ba kome ciki.

Bai taɓa cin kofi ba, ban ɓoye muku ba,
Agogo bai taɓa zama abokinsa ba,
Yara su gama, shi bai kai rabi ba,
Amma da wuya ka ji ya zubar da maki.

Amalanken kayansa tana gareji,
Ta yi ƙura, tana jiran fita daji,
Wanda ya san shi ya faɗa mu ji,
Ni dai sauran baitin ya maƙale a baki.

Mai Agogo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni daga Damagaram, shi daga Kano, Tekzas ta haɗa mu, shi ne kuma ya ja ni filin nan ina noƙewa.

Ɗana, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?
Allah ya kai masa haske cikin kabari.

Ni ke riƙa masa agogo a bayan kafaɗa,
Na san takunsa tun daga teburin ɗuri.

Zai nuna wa mai duba bindiga ɗaya bayan ɗaya,
Gurbi na shida wofi, yadda yake a tsari.

Kafin agogo ya yi ƙara akwai jimlar da ake faɗa,
Irin ta kaboyi, mai tsara fage ya rubuta tun fari.

Shi zai faɗe ta da Turanci don alƙali ya ji,
Sannan ƙasa-ƙasa ya bi ta da nasa kirari.

Kuskure ɗaya, daƙiƙa 5 za a ɗora maka,
Ka saɓa jerin faranti, 10 ce a ƙari.

Ya ce da ni lissafin ai a fili yake,
Harsashin da ya ci ƙasa ya cinye ribar sauri.

Wata rana hayaƙinsa ya turnuƙe fage,
Masu ƙirga uku suka kasa ganin wuri.

Doka ta ce in kana shakka ka ba mai harbi,
Suka ɗaga hannu a dunƙule, aka rufe labari.

Shi ya ce a na tara bai ji kukan ƙarfe ba,
Na ce Alhaji, hukunci ba naka ba ne, ka bari.

Da yamma aka kira waɗanda ba su kuskure ba,
A ba su 'yar lambar maƙalawa, suka yi jeri.

Aka kira Sarkin Hayaƙi, aka sake kira,
Yana gindin mota da ruwan zafi, bai yi ko tari.

Yana wanke toka daga bakin bindiga abinsa,
Lambar tana akwatin ƙungiya har yau, ba asiri.

Baffa, Kano

Jikana ne ke rubuta mini. Na ji duk abin da kuka ce. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta. Amma babba ba ya ganin abu ya yi shiru.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya,
Ni na raka shi filin jirgi ranar tafiya,
Karatu ya je nema, ya zama injiniya,
Wa ya ce mini zai ƙare a wasan bindiga?

Na san inda ciwon ya samo asali,
Muna yara mu sulale mu bar dandali,
Silimar Plaza a Fagge ta ɗauke masa hankali,
Ya dawo yana nuna mu da kara, wai bindiga.

Hoton da kuka aiko na nuna wa tsararrakinmu,
Dattijo da furfura, mai jikoki irinmu,
Ya sha malafa da ƙaimi, dariya ta kama mu,
Daga baya muka yi tsit da muka lura da bindiga.

Ku can ƙarfe kuke harbi, ku yi shewa ku tafa,
Mu nan in ta yi ƙara, ceton rai sai ƙafa,
Ku tambayi Zamfara gawa nawa aka rufa,
Kafin ku ce mini akwai nishaɗi a bindiga.

Ba faɗa nake ba, ɗana, shawara ce ta uba,
Kayan nan gado ne, ba kayan ado ba,
A yi musu kuɗi, a sayar, a zauna a raba,
A haƙa masa rijiya, ta fi masa bindiga.

Auta

Baffa, na durƙusa, ina miƙa gaisuwa,
Maganarka ta Zamfara duk gaskiya.

Shi ma in ya ji labarin gida a rediyo,
Yinin nan kaf ba za ka ji masa murya.

Ni da Yaya tuni mun gama magana,
Kai za ka nuna wurin da za a haƙa rijiya.

Amma bari in faɗa maka abin da hoto bai ɗauka ba,
Ni a filin nan na sami wata tarbiyya.

Ina ajin yara ya fara tafiya da ni,
Aikina tsintar kwanson da ya zube a baya.

Bai bar ni na taɓa kunama ba sai da na haddace
Cewa bakin bindiga gaba yake, ba ya sauya hanya.

Kewayen digiri 170 aka yarje masa,
Ka ƙetare, an soke maka fagen gaba ɗaya.

Ka yar da bindiga mai harsashi a ƙasa,
Gasa ta ƙare maka, sai ka tattara kaya.

Kuma ba ka barin fage sai an leƙa kowane gurbi
A teburin saukewa, ko kai ne zakaran duniya.

Asabar da yamma a gareji muke yi mu biyu,
Shi da tsumma da sabulu, ni da riƙon tukunya.

Umma ta leƙo ta ce gidanta ya ɗau warin ruɓaɓɓen ƙwai,
Ya ce turaren kaboyi ne, ta harare shi, ya yi dariya.

Libarba biyun Ruger ne, a sayar, ban hana ba,
Mai baki biyun ma duk mai so ya taya.

Amma doguwar nan, samfurin 1873,
Wadda Uberti suka ƙera a Italiya,

Gindinta ya sha hannunsa har katakon ya yi baƙi,
Akwai tabon da ya like da gam, na san shi a zuciya.

A yi mata kuɗi, a cire daga rabona, Baffa,
Kar a ce mini wannan ta fi ƙarfin ɗiya.

Mai Baki Biyu, Finiks, Arizona

Ban zauna gari ɗaya da marigayi ba, a babbar gasa muke haɗuwa. Hausa na ji wani yana yi da 'yarsa a layin rajista, na juya, shi ke nan zumunci ya ƙullu.

Alhaji na Kano, Allah ya ƙara girma da lafiya,
Ta'aziyya gare ka da dukkan zuriya,
Ka yi mini uzuri ni ma in ɗan taya,
Tunda kowa ya kawo nasa ra'ayi.

A kudancin Kalifoniya wasan ya faro,
Harper Creigh da abokansa suka tsiro,
A 1982 suka yi babban taro,
End of Trail, gasar da har yau take yayi.

A 1987 aka kafa SASS ɗin kanta,
Gasar ta bar Kalifoniya, mahaifarta,
Ta zauna Niyu Meziko, aka sake tashinta,
Yanzu a filin Ben Avery, nan Finiks, muke bin layi.

Kayan da kuka yi wa dariya suna da dalili,
Tufafin ƙarshen ƙarni na 19 ne na asali,
Silima ta nuna mana Bature shi kaɗai a fili,
Alhali baƙar fata na da yawa cikin kaboyi.

Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865,
Shanun Tekzas sun yi yawa, sai an kai an sayar,
Ta hanyar Chisholm zuwa Kansas, a jirgin ƙasa a bayar,
Cikin masu korar har da waɗanda jiya suke bayi.

Shigar Bass Reeves yayanka yake ɗauka,
An haife shi bawa, ya zama ɗan doka,
Daga Fort Smith yake fita kamo masu aika-aika,
Gashin bakin nan ma da shi ya yi koyi.

Kuma kai da ke Kano, ka tuna Hawan Daushe,
Ƙarar nan da ke sa kunnuwa su toshe,
'Yan bindigar Sarki ne, ba wanda suka zo su kashe,
Hayaƙinsu da na yayanka ɗaya ne a yanayi.

Baffa, Kano

Malam na Finiks, ban ce ban ƙaru ba,
Labarin bayin nan ban taɓa jin sa ba,
Amma misalin Daushe bai zauna ba,
Na Sarki sama suke harbi, babu dalma a bindiga.

Ke kuma 'yata, kin ɗaure ni da jijiyata,
Rabonki naki ne, shari'a ta tabbata,
In yayanki da Ummanku sun yarda da kuɗinta,
Na sa hannu, raina kuwa yana ƙin bindiga.

Zancen lambar nan ne ya sa ni hawaye,
Ba a Amurka ya koya ba, gado ne na iyaye,
Mahaifinmu a kasuwa ya tsani mudu a tauye,
Ashe abin ya bi Yaya har wurin bindiga.

Babban Ɗa

Baffa, mun gode, Allah ya bar mana kai,
Umma ta yarda, ni ma na yarda sarai,
Auta ta riƙe doguwar in dai da rai,
Sauran, dila mai lasisi zai yi mana aiki.

Akwai abin da ban faɗa maka a waya ba,
Ranar jana'iza ba mu kaɗai muka je ba,
Turawan rukuninsa ba wanda bai zo ba,
Malafa a hannu, sun yi tsit, mutanen kirki.

Wani tsoho cikinsu, da sanda yake tafiya,
Ya ce in azahar ta riske su gasa na tsakiya,
Sukan mai da sunan Baba can ƙarshen baya,
Ya shimfiɗa darduma bayan mota, ba mai mamaki.

In an gasa nama kuma a ƙarshen wasa,
Sukan hura masa wuta a gefe, tasa,
Don kar maiƙon alade ya taɓa nasa,
Tsohon na faɗa, hawaye na jiƙa gashin baki.

Mai Agogo

To madalla, an rabu da Baffa lafiya,
Auta, saura ke, gasar wata mai zuwa sai shiri.

Rukuninmu sun ce fagen farko nasa ne,
Laƙabinsa ne jimlar da kowa zai faɗa a jeri.

Gwangwanin albarushinsa ɗaya ya rage a wurina,
Na ajiye miki, ki zo ki karɓa da wuri.

In kin ƙi shi, zan kai ƙararki har Kano,
Ko da yake na san Baffa can zai ba ki tsari.

Auta

Baba Mai Agogo, na ji kira, ina tafe,
Amma gwangwanin nan ka ci gaba da ajiya.

Na shaƙi rabona tun ina tsintar kwanso,
Ni na zamani zan ɗura, in ga faranti, in ga hanya.

Baba ya bar mini bindiga da tsoron kuskure,
Jinkirin kuwa nasa ne, ban karɓa ba ko ɗaya.

Ka sa sabon batir a agogonka, kofi nake nema,
Tsintar kwanso daga yau ta koma kan Yaya.