Duk wata sai na zana jadawali amma ba na wuce kwana uku, ina matsalar take?

Mai Neman Gyara:

Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, abin ya daɗe yana ci min rai. Aikina na zama ne gaban kwamfuta, da yamma kuma akwai wani karatu da nake yi ta intanet. Duk farkon wata sai in ɗauko biro da takarda in zana jadawali, tashi ƙarfe biyar, motsa jiki minti 40, karatu awa ɗaya kafin in fita, ba taɓa waya sai an tashi aiki, kwanciya goma na dare. Ranar farko in yi, ta biyu in yi da ƙyar, ta uku ƙararrawa na bugawa zan miƙa hannu in kashe ta ido a rufe, daga nan shikenan an gama. Yanzu haka takardu huɗu ne manne a bayan ƙofar ɗakina, ɗaya kan ɗaya, ta ƙasan har gefenta ya nannaɗe.

Abin da ya fi damuna dare ne. Zan kwanta da niyyar duba saƙo ɗaya a WhatsApp, kafin in ankara ƙarfe ɗaya da rabi ta yi, wayar ta ɗau zafi a hannuna idona na raɗaɗi amma na kasa ajiyewa. Gari ya waye kai ya yi nauyi, a wurin aiki in buɗe abu goma ban ƙarasa ko ɗaya ba, in dawo gida ina jin haushin kaina. An ce min wai kwana 21 ɗabi'a take yi ta kama jiki, ni ko bakwai ban taɓa kaiwa ba wallahi. Rashin zuciya ne kawai ko akwai abin da nake yi ba daidai ba? Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, me kuke yi kullum da ya zauna muku da gaske?

Tsohon Malami:

Ƙanena, ba rashin zuciya ba ne, mara zuciya ai ba ya zana jadawali har sau huɗu. Fara cire maganar kwana 21 ɗin nan daga ranka domin ta karya wa mutane da yawa gwiwa a banza. Asalinta daga wani likitan fiɗa ne a Amurka mai gyaran fuska, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa waɗanda ya yi wa aiki sukan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamanninsu. Mutane suka jefar da kalmar aƙalla, suka mayar da abin kamar doka. Da aka zo aka auna da gaske, Phillippa Lally da abokan aikinta a University College London sun bi mutum 96 na tsawon sati 12, kowa ya zaɓi ɗabi'a guda ɗaya tak yana maimaita ta kullum a yanayi iri ɗaya, sakamakon ya fito a 2009. Matsakaicin lokacin da abu ke zama jiki kwana 66 ne, wani 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Kuma abin da ya fi burge ni a ciki, wanda ya tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba, washegari ya ɗora daga inda ya tsaya.

To ka dubi takardarka yanzu. Sababbin ɗabi'u biyar ka ɗora wa kanka a safiya ɗaya, taura biyu ma ba ta taunuwa balle biyar. Sannan da ka faɗi a rana ta uku sai ka yanke wa kanka hukunci cewa watan ya lalace, ka zauna jiran ɗaya ga wata mai zuwa. Wannan jiran shi ke cinye ka, kwana 27 kana yi ba ka kan komai.

Ka zaɓi guda ɗaya, ka ɗaure ta a jikin abin da dama kake yi ba fashi. Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi bayanin wannan a 1999, cewa niyya irin ta "zan rage waya" ba ta da ƙarfi kamar wadda ka faɗi lokaci da wuri, wato idan kaza ya faru zan yi kaza. Ni tawa ita ce, ina ajiye buroshin haƙori da dare sai in kai waya falo in sa ta a caji. Ba na tsayawa shawara da zuciyata, hannu ne ke yi. Na fi shekara a kai, kuma akwai daren da nake saɓawa, gobe in koma kawai.

Maman Biyu:

Ɗan uwa ni dai lissafi kawai zan maka. Kana bacci ɗaya da rabi kana son tashi biyar, awa uku da rabi kenan fa, wane jiki ne zai yarda da wannan? Masana bacci na Amurka sun fitar da matsaya a 2015 cewa baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye a kowane dare, kai rabin haka kake ba jikinka sannan ka ce ya tashi ya yi motsa jiki ya yi karatu, ai dole ya kashe ƙararrawa. Safiyarka tun dare take lalacewa, can za ka fara gyara, ka bar maganar ƙarfe biyar tukuna.

Na yi wannan fama bayan haihuwata ta biyu, yaro ya yi bacci ni kuma in ce bari in ɗan huta da waya tunda duk yini ban samu kaina ba, ashe hutun da nake nema shi nake ƙonawa. Abin da ya taimake ni ƙaramin agogo na saya mai ƙararrawa, saboda hujjar kowa ita ce ai da waya nake tashi, to ga agogo, waya ta kwana a wani ɗaki. Daren farko sai da na miƙa hannu ƙarƙashin filo ya fi sau biyar ina laluben abin da babu, na yi ta juyi, amma kafin sati ya zagayo ina kwanciya bacci ke ɗauke ni.

Na biyu, ka tsayar da lokacin tashi ɗaya wanda za ka iya, ko shida da rabi ne, har ranar hutu, kana tashi ka fita waje ka samu haske ko na minti goma. Jiki yana da agogonsa na ciki kuma haske ne ke saita shi, shi ne ma binciken da aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a kai a 2017, yadda wannan agogon ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta. Hasken waje ko da hadari ya ninka na kwan ɗaki sau da yawa. Da dare kuma haske mai ƙarfi yana jinkirta sinadarin melatonin da ke sanar da jiki dare ya yi. In kana shan abu mai kafeyin, kamar kofi ko shayi, da yamma don karatun nan naka ka mayar da shi safe, kusan awa biyar ake yi kafin rabinsa ya bar jini.

Sai ɗan abu ɗaya, in tunanin aikin gobe ne ke hana ka rufe ido, ajiye littafi a gefen gado ka rubuta su kafin ka kashe fitila. A jami'ar Baylor sun gwada a 2018, waɗanda suka ɗauki minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga waɗanda suka rubuta abin da suka riga suka gama yin bacci.

Ma'aikacin Dare:

Na yarda da Anti a kan bacci ɗari bisa ɗari, amma ina so in ƙara da cewa ba kowa aka halitta ya tashi biyar ya yi karatu ba, wasu kansu sai hantsi yake buɗewa, ni aikina ma na dare ne kuma ina gama abin da ke gabana. Kar ka auna kanka da bidiyon masu cewa sai ka tashi kafin kowa.

Maganar buɗe abu goma a wurin aiki ita nake so in taɓa don babu wanda ya taɓa ta. Duk lokacin da ka bar aiki rabi ka tsallaka wani, wani ɓangare na hankalinka yana can maƙale a na farkon, wata mai bincike, Sophie Leroy, ta yi rubutu a kan haka a 2009, shi ya sa za ka yini kana aiki ka gaji liƙis amma in an ce nuna abin da ka yi babu. Abin da nake yi, kafin in kunna kwamfuta zan rubuta abu ɗaya a ƙaramar takarda in manna a gefen allo, in kife waya a cikin jaka, in saita minti 25. Dabarar Pomodoro kenan ta Francesco Cirillo ɗan Italiya, tun ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi, aiki minti 25 hutu minti 5, in ka yi zagaye huɗu ka ɗan daɗe kana hutawa. Ni gaskiya 25 ta min kaɗan in aiki ya kama ni, nakan kai 45, amma ranar da nake jin ƙyuya ita ke sa ni farawa tunda zuciya ba ta tsoron minti 25. Hutun kuma ka tashi tsaye ka taka, in ka ɗauki waya a minti biyar ɗin nan ta tafi da rabin awa.

Motsa jikin minti 40 da sassafe ma ka sauke shi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 cewa ta yi minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, tafiya da ɗan sauri tana ciki, ka ga minti 30 sau biyar ya kai ka, kuma za ka iya raba shi goma goma.

Yar Uwa:

Duk abin da suka faɗa haka ne yayana. Abu ɗaya zan ƙara, in ka gyara baccin ka samu awa bakwai ɗinka amma har yanzu kana tashi a gajiye, ko an ce kana minshari mai ƙarfi numfashi na ɗaukewa, ko ka yi sati biyu ko fiye komai ya fita ranka har abin da kake so da, dan Allah ka ga likita, wannan jadawali ba ya maganinsa. Kuma ka sassauta wa kanka da jin haushin nan, shi ma yana cikin abin da ke mayar da mutum kan waya da dare.

Mai Neman Gyara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, maganar jiran ɗaya ga wata ta taɓa ni sosai don haka nake yi ban taɓa lura ba. Na cire takardun nan huɗu daga bayan ƙofa. Na duba lissafin da wayar ke yi da kanta na lokacin da nake ɓatawa a kai, abin da na gani ya tayar min da hankali, kuma mafi yawansa bayan sha ɗaya na dare ne kamar yadda Anti ta ce. Yau kwana biyar kenan waya na kwana a falo, na samu huɗu na faɗi ɗaya, ranar na tashi da tsakar dare na je na ɗauko ta, amma washegari na mayar ban jira komai ba. Tashi na mayar shida da rabi.

Sauran tambaya ɗaya, karatun yamman nan a kwamfuta nake yinsa kuma yakan kai ni goma da rabi, ina rufewa in kwanta idona garau. In dawo da shi da wuri ne ko in rage shi zuwa rabin awa har baccin ya daidaita? Anti, ke a lokacin minti nawa kike bari tsakanin kashe allo da kwanciya?