Masu koyon waƙar rok, yaya kuka yi da dishewar murya?

Ɗan Barnawa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan muna gwajin waƙar rok a garejin gidanmu, jita biyu da ganga, ni ne mai rerawa. Duk ranar da muka yi gwaji, washegari ko gaisuwa sai da raɗa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Mai Makirufo, Jos: Wa'alaikumus salam. Na sha wannan wuya. Ashe ba na jin muryata ne: jita na kuka, mai ganga na duka kamar da gayya, ga janareto a bayan taga, sai in yi ta ihu don in ji kaina. Ranar da muka juyo da ƙaramar sifika tana fuskantata, mai jita kuma ya rage ƙara, rabin wahalar ta tafi.

Ba'agadashe: Mu a Agadas a gidan biki ake koyo, tun daga riƙe wa manya wayar jita. Shekara biyu ina amshi kafin a bar ni in ja baiti. Ku saurari Bombino ko Mdou Moctar, mawaƙan jita na Nijar, da kyau: jitar ce ke hayaniya, muryar a kwance take. Ni ban taɓa dishewa ba sai da hunturu, in ƙura ta cika fili.

Yaya Talatu: Ƙanena, daina raɗar nan, ita ma tana gajiyar da maƙogwaro. Ni da taurin kai na ci gaba da waƙa a dishe, ina ɗirkar zuma da citta, har likitan kunne da maƙogwaro ya leƙa ya ce kanta ta fito min a tantanin murya, irin ta hannun manomi. Makonni na yi ba waƙa. Da na dawo sai na koma farko: numfashi daga ciki, kafaɗa ba ta motsi, minti 10 ina gunji a hankali kafin in taɓa makirufo, gorar ruwa a gefe. Kaushin muryar da kake kwaikwayo dabara ce ake koya, in ta yi zafi to ba daidai kake yi ba. Zumar dai daɗin baki kawai na samu.

Ɗan Barnawa: Na gode ƙwarai, Yaya. Sifika zan aro ranar Asabar. Rage ƙarar jita ne aiki, don mai jitar yayana ne, garejin ma shi ke riƙe da makulli.