Wai Filibus ne ya ci biranen Girka ko su suka cinye junansu?

Dalibin_Tarihi:
Salam 'yan uwa, wani abu ke ɗaure min kai. Mutanen da suka haɗa kai suka kori Farisa a yaƙin ruwa na Salamis a 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya aka yi a 338 Sarki Filibus na Makidoniya ya zo ya murƙushe Atina da Tebes a fili ɗaya? Ƙarfinsa ne ko dama sun riga sun gaji?

Malam_Sani:
Wa alaikumus salam. Ai ɗan uwa tun kafin a haifi Filibus aka fara ɓarnar. Ƙawancen da aka kafa a 478 don tsaro daga Farisa, Atina ta mai da shi hanyar karɓar haraji, a 454 ta kwashe baitulmalin daga tsibirin Delos ta kai gida, duk garin da ya ce zai fita sai ya ga jiragen yaƙi a bakin ruwansa. Daga nan yaƙi da Sparta ya ɓarke, 431 har 404, shekara 27 fa, ga annoba da ta kashe Perikiles jagoran Atina a 429, ga rundunar da Atina ta tura tsibirin Sisili a 415 ta hallaka a can. Abin da ya fi min ciwo, da kuɗin Farisa ɗin nan dai Sparta ta gina jiragen da ta ci Atina.

Hauwa_Karatu:
Malam duk gaskiya ne amma ni na fi ganin rikicin cikin gida. Kusan kowane gari ya rabu biyu, masu dukiya na kiran Sparta, talakawa na kiran Atina. A Korkira a 427 'yan gari ɗaya suka yi ta yanka juna kwanaki, har waɗanda suka fake a wurin bauta ba a bari ba, wasu ma bashi ake binsu sai suka kashe mai bashin da sunan siyasa. Wallahi wannan yana tayar min da hankali.

Dalibin_Tarihi:
To Sparta da ta yi nasara fa, me ya hana ta riƙe su?

Malam_Sani:
Ba ta da mutane. Cikakkun 'yan ƙasa sai raguwa suke, a yaƙin Luktira a 371 su 700 ne a fili, wajen 400 suka mutu hannun Tebes, sannan aka 'yanta bayinsu na Mesiniya masu yi musu noma. Ita ma Tebes shekara 9 kawai ta yi a sama, jagoran yaƙinta Epaminondas ya mutu a yaƙin Mantiniya a 362, Filibus kuma ya hau mulki a 359.